Talo-talon Kawu Sale

Ba zan taɓa mantawa da talo-talon nan ba, ko da tsufa zai kai ni ga manta sunayen jikokina. Baƙi ne, ƙato, mai jan wuya, kuma shi ya raba ni da aikin da na fi so a duniya. (To, shi da bakina. Amma bari in fara da laifinsa, nawa yana tafe.)

Faransanci na karanta a jami'a, abin da har yau danginmu na Dilimi ba su gama yafe min ba. 'Ya'yan mutane suna karanta likitanci da lauya, ni na je na kwaso yaren da ko tumatir ba a saye da shi a Jos. Tun ina ajin farko aka laƙa min suna Bonju, wato gaisuwar Faransawa, har yaran da aka haifa a gabana haka suke kirana. Da na gama, sai na ƙare a wata 'yar makarantar kuɗi ta bayan layinmu, ina koyar da Faransancin, da lissafi, da duk darasin da malaminsa ya gudu. Saboda haka ranar da wata babbar makaranta ta 'ya'yan Turawa da manyan gari ta kira ni intabiyu, na ce ranar wanke kaina ta zo. In na samu aikin nan, babu mai sake tambayata amfanin digirina.

Sai dai ina da wani mugun hali: tun kafin in faɗi abu, nakan tanadi uzurin faɗuwa. A gidan sunan wata 'yar'uwarmu, da mata suka fara tsokanata wai Bonju za ta zama Baturiya, sai na yatsine fuska na ce, "Ku dai ku yi addu'a. Irin wuraren nan ba takarda ake dubawa ba, sai kana da ƙafa." Wallahi ban san kowa a makarantar ba, ban kuma taɓa jin an ce haka suke ba. Na faɗa ne kawai don in ba a ɗauke ni ba a ce rashin kamun ƙafa ne, ba rashin ƙwaƙwalwa ba. Ban lura Kawu Sale ya shigo yi wa mai jego barka ba.

Kawu Sale ƙanin mahaifiyata ne, ɗan ƙungiyar direbobi a tashar Laranto, mutumin da bai yarda akwai ƙofar da gaisuwa ba ta buɗewa ba. Ya tambaye ni sunan makarantar da ranar da zan je. Na gaya masa har da lokaci, a zatona addu'a zai sa a yi min.

Ranar na ci ado na mutunci, na isa da wuri. Mutum biyu na tarar a ofishin: shugabar makarantar, wata dattijuwar Baturiya mai farin gashi, da wani Musyu ɗan ƙasar Togo mai kula da sashen harsuna. Da Faransanci aka yi yawancin hirar, ita ma shugabar tana ji sosai. Ba yabon kai ba, na zuba. Musyu sai gyaɗa kai yake yi, ni kuwa a zuciyata har na fara zaɓen atamfar da zan sa ranar fara aiki.

Can sai shugabar ta tambaye ni: idan uban wani ɗalibi ya kawo min kyauta ana gab da jarrabawa, me zan yi? Nan na gyara zama. Na ce zan mayar masa da abinsa cikin ladabi. Da na tsaya a nan da shi ke nan, amma ina! Na dafe ƙirji na ce ni a gidan da na tashi ba a san kamun ƙafa ba, kuma duk danginmu babu wanda zai iya ɗaukar ko ƙwai ya kai wa wani don neman alfarma.

Ban rufe baki ba na ji wani kuka daga waje: gulu-gulu-gulu! Sai muryar sakatariya tana cewa, "Oga, you no fit enter, meeting suke yi!" Sai wata murya da na sani tun ina cikin zanen goyo: "Haba 'yata, ai meeting ɗin namu ne."

Ƙofa ta buɗe. Kawu Sale ne cikin babbar rigarsa ta Sallah, ya rungumo talo-talo a hammata, an ɗaure masa ƙafafu da igiya. (Daga baya na ji yadda ya wuce get. Cewa ya yi da maigadi saƙon Madam ne, kuma a ganinsa ba ƙarya ya yi ba.) Na kalli Kawu, na kalli talo-talon, shi ma ya kalle ni da ido ɗaya.

"A'a, Bonju, ashe har an fara!" in ji Kawu. Ya ɗan rusuna wa shugabar. "Well done, Madam, ranki ya daɗe. Bonju, yi min tafinta. Ki ce ni kawunki ne, uwa ɗaya uba ɗaya da mamanki. Ki ce yarinyar nan ta gaya mana a nan sai da ƙafa, to mu talakawa ne, ba mu san kowa ba, ga ɗan abin da ya samu. Rago na so kawowa, aka ce min ku wannan kuka fi so."

A nan ne shaiɗan ya raɗa min dabara. Musyu ba ya jin Hausa. Baturiya kuwa, ina ita ina Hausa? Kawu yana tsintar Turanci, amma ko kalma ɗaya bai sani ba a Faransanci. Sai na juya, na yi murmushi, na ce musu da Faransanci wannan bawan Allah mai sayar da kaji ne, kicin yake nema ya ɓata hanya, ni ban ma san shi ba. Tun da nake ban taɓa yin Faransanci mai tsafta irin na lokacin ba. Ko tuntuɓe ban yi ba.

Shugabar ta cire tabarau. Ta miƙe, ta zagayo tebur, ta buɗe baki:

"Alhaji, sannu da zuwa. Ina gajiya? Yaya iyali? Bismillah, ga kujera."

Hausa ce tsantsa, wadda ta fi ta wasu maƙwabtanmu. Na ji kamar an kwara min ruwan randa a baya. Ashe a Vom, nan kusa da Jos, aka haife ta, babanta likitan dabbobi ne, a can ta yi ƙuruciyarta kaf. Kawu ya washe baki ya ce, "Ikon Allah! Ashe 'yar gida ce!" Suka gaisa kamar tsofaffin maƙwabta. Ta shafa talo-talon, ta yaba girmansa, ta yi godiya, sannan ta ce dokar makaranta ta hana ta karɓa, ya yi haƙuri ya kai wa iyali. Abin da na ce a kansa kuwa, ko alama ba ta nuna masa ba.

Da Kawu ya fita da kayansa, sai ta dube ni, ta ci gaba da Hausar, don kada Musyu ya ji. "Malama, duk waɗanda muka gani babu wanda ya kai ki Faransanci. Talo-talon ma ban riƙe ki da shi ba, a ƙasar nan na girma, na san kawunnai. Amma fassarar taki ce matsalar."

Ban samu aikin ba. A motar Kawu muka koma Dilimi, ni a gaba, talo-talo a baya yana ta kuka, ni ma saura kaɗan in taya shi. Washegari aka yanka shi, kowa ya ci ya yi santi, ni na ce cikina ke ciwo.

Har yau Kawu gani yake tsuntsun ne bai cika ba. Cewa yake da ya san 'yar likitan dabbobi ce, da har Vom zai je ya zaɓo mai lafiya. Amma abin da ya fi ci min rai shi ne, tun daga ranar ya hana kowa yi wa digirina dariya. Duk taron dangi sai ya ba da labari: "Ku da ba ku gani ba! A gaban Baturiya yarinyar nan ta gabatar da ni da Faransanci, kamar ruwa. Ranar na san karatun nan bai tafi a banza ba." Ni kuwa sai in sunkuyar da kai, su ɗauka kunyar yabo ce.

Yanzu dai na koyi hankali. In zan tanadi uzurin faɗuwa, a zuci nake ajiye shi, ba na furta shi inda mai ƙaunata zai ji, balle mai ƙaunata da ke da mota. Kuma duk Baturiyar da na gani a Jos, ko daga jirgi ta sauko, da "ina kwana" nake fara gaishe ta.