Rasuwar Rimot Ɗina a Gaban Manoman Baure

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da babban yatsan da ya rasa abin dannawa, ni Zailani Musaddiƙ, malamin gona a Daura, ina sanar da 'yan'uwa da abokan aiki rasuwar rimot ɗin majigina. Ya cika ranar Laraba a Baure, yana bakin aiki, a tafin hannuna.

Marigayin mai natsuwa ne, bai san gaggawa ba. Idan zan nuna wa manoma yadda taki ke ƙara gero, ya san ba a zube musu zane gaba ɗaya. Zai ce "ƙyas", allo ya fito da layin taki a kwance, na damman gero a tsaye. Ya sake cewa "ƙyas", ɗigo-ɗigo su bayyana, kowane ɗigo gonar mutum guda: na manoman Mashi tukuna, sannan na manoman garin Babban Mutum. Sai kowa ya gano tasa yake sakin layin da ke ratsa tsakiyarsu yana hawa sama, dattawa su gyaɗa kai.

Ya kuma iya rufin asiri. A zanen bana akwai wani jan ɗigo da ya ƙi bin layi, yana can ƙasa shi kaɗai: gonar da ta fi kowace shan taki, ta fi kowace ƙarancin amfani. Gonar surukina ce, Alhaji Sharu. Ni da marigayin mun ajiye ta a shafin ƙarshe, sai Alhaji ya fita alwala mu nuna ta.

Ciwon ya soma da nauyin ji, sai an buga shi a cinya yake amsawa. An sauya masa batir, aka ga kamar ya warware. Ranar Laraba, Alhaji na zaune a sahun gaba, na danna sau ɗaya. Marigayin ya ce "ƙyas-ƙyas-ƙyas-ƙyas", ya zazzage shafuka duka, ya tsaya a kan jan ɗigon, ga suna da manyan baƙaƙe. Na danna baya, na hura masa iska, na roƙe shi a kunne. 'Yar fitilarsa ta ƙyafta, ta mutu. Alhaji ya sa tabarau ya karanta, ya cire, ya juyo ya dube ni.

Ya rasu ya bar majigi, da kwamfuta mai fama da nata ciwon, da batura biyu, da ɗan ƙaramin ƙanensa mai karɓar saƙonsa da ke soke a jikin kwamfutar, wanda har yanzu ba a gaya masa ba.

Za a naɗe shi cikin hankici bayan la'asar, a sa shi a durowar ƙasa, kusa da tsofaffin caja. Za a karɓi gaisuwa a ofis. Kada a je gida, domin uwargida Ikilima, 'yar Alhaji Sharu, ta ce ita ma ta ji labarin, kuma ba ta cikin masu juyayi.