Shirun Farfesa na Minti Biyar

Farfesa mutum ne da Allah ya yi wa baiwa, kuma ba ya ɓoye ta. Takardun shaidarsa sun cinye bangon ofis har sun fara hawa ƙofa. Ɗalibai na kiransa Sarkin Jijiya. Shi ya gano, in ji shi, cewa ƙwaƙwalwa tana da 'yan aike, wasu sinadarai da ke kai saƙo ga jijiyoyin gindinta, su kuma su riƙe tsokar harshe kada ta saki. Na'urar da ke auna wannan kuwa, shekara goma sha biyu Malamar ɗakin gwaji ce ke kunna ta, ta rubuta sakamako, shi ya sa hannu. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Sai ga baƙi uku sun zo zaɓen wanda zai shugabanci sabuwar cibiyar bincike. Farfesa har ya sa an buga masa katin shugaba.

"Idan mutum ya yi barci, 'yan aiken nan sukan janye, harshe ya faɗa baya, sai minshari," ya ce musu. "Wannan na ragwaye ne. Ni nawa da izinina suke motsi. Malama, liƙa min wayoyin na'urar, gani ya kori ji."

Ta liƙa masa su a ƙarƙashin haɓa. "Ranka ya daɗe, sai ka yi shiru na minti biyar, layin allo ya daidaita."

Ba wanda ya taɓa ganin Farfesa ya yi shiru na minti biyar, har shi kansa. Ga kujera mai laushi, ga fanka, ga abincin rana ya zauna daram. A minti na uku layin ya fara gangarowa. A na huɗu bakinsa ya buɗe, minshari ya sa kofin shayin da ke kan tebur ya kama rawa.

Baƙi suka matso suna tambaya ƙasa-ƙasa, Malama tana nuna allo tana amsawa, har minti arba'in. Ni dai ban ga wanda ya yi yunƙurin tashinsa ba.

Da ya farka ya goge baki. "Kamar yadda nake cewa..."

"Mun gamsu, Farfesa," in ji babban baƙon.

Bayan mako biyu rahoto ya iso, an ba Malama cibiyar. Farfesa ma ba a manta da shi ba. Sunansa na shafin ƙarshe, cikin jerin kayan gwaji, tsakanin na'ura da wayoyi.