Kulocin 'Yan Tsere

Sana'ar tukwane a Adjamé ta koya mini cewa mai nauyi shi ne mai ƙarko. Da kulocin motata mai gudun tsiya ya lalace, sai na auna biyu a hannu, na zaɓi mai nauyin.

Bakanike ya ce, "Hajiya, na 'yan tsere ne, taka shi sai ƙato."

Na ce, "Na yi maka kama da raguwa?"

Ranar da na ɗauko uwar mijina zuwa Treichville, cunkoso ya tsare mu a gada. Ƙafata ta hagu ta ƙage, mota ta mutu, tsohuwa ta sauka ta hau gbaka, ƙaramar bas ɗin haya.

Har yau in na shiga gaishe ta sai ta ce, "Ku ba 'yar tsere kujera."