Ranar da Gwaggo ta Miƙo Mini Wuƙa

Ba zan taɓa mantawa da ranar ɗaurin auren abokina Sanusi a Kurfi ba. Lokacin ina koyarwa a Dutsin-Ma, ina kuma rubuta labaran 'yan leƙen asiri ina turawa ta waya. (Masu karatuna ba za su cika mota ɗaya ba, har da ƙanwata.)

Da maza suka ɗunguma masallaci, sai na noƙe a zaure wai kaina na ciwo. Ƙarya nake. Rabi nake fako, ƙanwar ango, wadda na shekara ina so ta dube ni sau biyu. Tana fitowa da ƙawayenta na baje musu ilimi.

"Ƙwararru ba sa cewa kisa," na ce, ina gyara hula. "Sai dai a share shi, ko a sallame shi. 'Yan daba kuma su ce a aika shi barzahu." Har na ƙara da cewa a sabon labarina mutum bakwai na sallama kafin shafi na uku, ko gezau ban yi ba.

Ana cikin haka sai ga Gwaggon ango da jan zakara a hannu ɗaya, wuƙa a ɗayan.

"Madalla, ashe akwai namiji," in ji ta. "Malam, yanke mamu wanga, ruwa na bisa wuta."

Ni kuwa tun da uwata ta haife ni ban taɓa yanka ko tantabara ba. Amma ina zan ce haka Rabi na kallo? Na fuskanci alƙibla, na take fukafukai, na yi bisimilla har sau huɗu. Zakaran ya ƙura mini ido ɗaya. Ina ɗora wuƙar ta zame ta shafci babban yatsana. Ina ganin jini duniya ta yi duhu.

Na farfaɗo babbar rigata sharkaf da ruwa, Gwaggo na yi mini fifita da faifai, zakara kuma yana kan katanga yana cara. Kunya kamar ƙasa ta tsage in shige.

Rabi ta durƙusa tana ɗaure mini yatsa, ta tambaye ni a hankali, "Malam, su mutum bakwai ɗin, wa ya riƙe maka wuƙar?"

Bayan sallah aka ɗaura mata aure da wani mahauci a Shema, mutumin da ko gaisuwa da ƙyar yake ƙarasawa. Tun daga ranar, in na ji mutum yana jero wa kisa sunaye masu daɗi, nakan fara nemo masa faifai.