Sigarin Koci a Filin Garo

Ba zan taɓa mantawa ba, ko na so in manta ma mutanen Getso ba za su bar ni ba, da ranar da yarana suka ci kofi a Garo, ni kuma na dawo gida ina cewa da ma an lallasa mu.

A lokacin ina koyarwa a wata firamare a Getso, da yamma kuma ina horar da yara ƙwallo a filin bayan makarantar. Babu wanda ya naɗa ni. Ni ke da usur, shi ya sa na zama koci. Yaran duk ba su wuce shekara sha huɗu ba, yawancinsu daga gona suke wucowa fili, wani ma da fartanyarsa a kafaɗa. Iyaye sun yarda da ni saboda malami ne ni, ba na zaman majalisa, kuma ina da fuskar mutumin kirki (wannan gado na yi, ba ƙoƙarina ba ne).

Sai dai ina shan sigari. Tun a kwaleji na koya, kuma a ganina na ƙware wajen ɓoyewa. Tsarina bai canzawa. In sa yara zagaya fili da gudu, in ce zan kama ruwa, in bi ta bayan katangar aji. Can sai in tsuguna, in waiga dama, in waiga hagu, in kare ashana da tafin hannu, in yi ta zuƙa da sauri kamar wanda aka biyo. In na gama in murje guntun da dunduniya, in cire hula in kore hayaƙin, in jefa kanumfari a baki, in shinshina hannuna, in fito ina ihu, "Ku ci gaba da gudu, ina kallonku!" Na yi imani daga ni sai Allah muka san wannan sirri.

Wanda ya saya mana rigunan wasa shi ne Alhaji Sabo, ɗan kasuwar hatsi, mahaifin Auwalu mai buga mana gaba. Alhaji mutum ne mai magana a hankali, irin wanda in ya ce maka "to" sai ka wuni kana tunanin wane irin "to" ne. Ana gab da wasan ƙarshe ya aiko a kira ni rumfarsa. Muka gaisa, ya tambayi makaranta, ya tambayi Innata da ciwon ƙafarta, ya tambayi yabanya, sannan ya ce:

"Malam, rigar ƙwallon Auwalu warin taba take yi. Uwarsa ce ta ji da za ta wanke."

Na ce, "Subhanallahi."

(Rigunan a ɗakina suke kwana, cikin buhu, daidai ƙarƙashin tagar da nake zama in sha abina.)

Alhaji ya ci gaba, "Na tambaye shi, ya ce bai sani ba. Ni dai na ba ka yaron nan ne don kada ya bi 'yan tasha. Akwai mai ɓata mana yara. Ka bincika."

A nan ya kamata in faɗi gaskiya. Sai na gyara zama, na haɗe rai, na ce, "Alhaji, bar min wannan. Ko wane ne, in sha Allahu zan gano shi." Har da dukan ƙirji. Ya ji daɗi ya sa aka auno min wake, na kuwa karɓa na yi godiya.

Da yamma na tara yaran ƙarƙashin darbejiya na yi musu wa'azi. Na ce taba tana cin huhu, tana cin aljihu, tana cin mutunci. Na ce duk wanda na kama da ita ya ajiye rigata ya kama gabansa. Golanmu, wani dogon yaro mai suna Bala, ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa sai rawa suke. Na ɗauka kuka yake, wa'azi ya ratsa shi. Abin ya taɓa ni sosai, har sai da na zagaya bayan katanga don in huce.

Ranar wasa muka cika a-kori-kura muka nufi Garo, Alhaji na biye da mu a motarsa. Fili ya cika maƙil. An kafa rumfa, an jera kujeru, dagaci na tsakiya da rawaninsa, malamai da 'yan kasuwa na gefensa, aka ba Alhaji Sabo kujera a layin gaba. Ga kuma wani saurayi da lasifika yana sharhi, irin wanda bai taɓa ganin abu ya yi shiru ba.

Yaran Garo ba su zo da wasa ba (an ce duk sa'o'in yarana ne, amma mai tsaron bayansu har ya fara tara gemu). Aka tafi hutu babu ci. Hankalina ya tashi, ga shi filin babu katanga. Sai na hango wata gonar dawa da ta yi tsawo, na ce da yaran zan kama ruwa. Da na fito na canza tsari, na mayar da Auwalu ɓangaren hagu.

Ana dab da tashi Auwalu ya yanke mai gemun, ya ɗaɗa ƙwallo a raga. Na yi tsalle har hulata ta faɗi, na sunkuya na ɗauka. Da ma yaran sun gaya min sun shirya wata murna ta musamman irin wadda suke gani a gidan kallo, na ce babu laifi in dai babu rawar banza. Ban tambayi ko mece ce ba. Koci mai kirki yana ba yara 'yanci.

Suka ruga gaban rumfa, har Bala ya baro ragarsa. Suka jera a gaban dagaci, suka tsuguna gaba ɗaya. Mutane suka fara tafi, an ɗauka gaisuwa ce. Ni ma na ji alfahari, na ce a raina tarbiyya ba ta ɓuya.

Sai suka waiga dama. Suka waiga hagu.

"Jama'a, sabon salo daga Getso!" in ji mai lasifika. "Sun tsuguna, suna waige kamar marasa gaskiya. Sun kare hannu. Kai, ashana ce suka ƙyasta! Wallahi sigari suke sha! Sigarin iska, jama'a, ranka ya daɗe, babu hayaƙi!"

Suka yi ta zuƙa da sauri. Suka murje da dunduniya, duk a tare, ƙafar dama, irin haɗin kan da na shekara ina nema a wajen tsaron gida ban samu ba. Suka cire hular da ba su da ita suka kore hayaƙi. Suka jefa abu a baki. Har nan ina da sauran fata, don Getso ba ni kaɗai ke shan taba ba. Sai suka miƙe, suka shinshina hannu, suka haɗa baki da muryata, har da yadda nake jan ƙarshen kalma:

"Ku ci gaba da gudu, ina kallonkuuu!"

Fili gaba ɗaya ya juyo. Ga ni tsaye a bakin layi, hula a hannu, usur a wuya, ina tauna kanumfari. Na yi ƙoƙarin haɗiye shi, ya maƙale, na kama tari. Mai lasifika ya ce, "Ga kuma mai abin da kansa, jama'a, yana tabbatarwa."

Dagaci ya ja amawali ya rufe baki, amma rawanin ne ya tona shi, sai girgiza yake. Da aka tashi ya miƙo min kofi ya ce, "Malam, yaran nan naka akwai lura. Allah Ya sa su riƙa ɗaukar na kirkin." Na durƙusa na ce, "Amin, ranka ya daɗe," da wata murya da ban san ina da ita ba.

Alhaji Sabo bai yi dariya ba. Ya jira mutane suka ragu, ya matso ya ba ni hannu.

"Malam, ya binciken namu?"

"An gano shi, Alhaji."

"To."

Ya shiga mota ya tafi.

A hanyar dawowa babu mai waƙa. Kofi na kan cinyata, yaran sun fara gane cewa wani abu ya lalace. Auwalu ya matso ya ce, "Koci, mu fa don mu girmama ka muka yi. A gidan kallo ma in an ci ana nuna koci."

Na tambaye su tun yaushe suka sani. Bala ya ce tun ranar farko, ai hayaƙi ta saman katanga yake fitowa, in sun ga ya tashi sai su daina gudu su huta, in ya ɗauke su ci gaba. Wato duk zagayen da nake ƙirga musu, a zaune suka yi shi.

Sai na yi tambayar da nake tsoro. Na ce duk wanda ya taɓa gwadawa ya ɗaga hannu, ba zan kori kowa ba. Hannuwa suka ɗaga, ba ɗaya ba, ba biyu ba, har da na Auwalu. Guntayen da nake murjewa suke tsinta in na tafi. Na ce don me?

"Koci, duk lokacin da ka je can ka dawo, da sabuwar dabara kake zuwa," in ji Auwalu. "Yau ma ai da ka fito daga gonar dawa ka mayar da ni hagu."

Bala ya ce shi ya gwada ne ranar jarrabawar lissafi don kansa ya buɗe, ya yi amai, kuma bai ci ba. Sauran suka yi dariya. Ni ban iya ba. Kunyar fili ta mutane ce, kwana biyu za su gaji. Wannan ta cikin motar ita ce ta zauna min a ƙirji.

Washegari na kai kaina rumfar Alhaji ba tare da an kira ni ba. Na gaya masa komai, har da hannun Auwalu, na roƙe shi kada ya dake shi tunda ga wanda ya cancanta a zaune. Ya kalli masu ɗinkin buhu, sannan ya ce, "Jiya na yanke in cire shi. Sai na ga in na cire nawa, na bar maka na mutane. Kai ka ɓata, kai za ka gyara. Iyayen sauran kuma da ƙafarka za ka je musu."

Na je, gida gida. Wani ya yi min addu'a, wani ya yi min abin da ya fi zagi, wato ya kira iyalinsa su zo su ga kocin. Mutum biyu suka hana 'ya'yansu dawowa, ban kuma ga laifinsu ba.

Barin tabar bai zo da sauƙi ba, kada in yi muku ƙarya ta biyu. Na sha ciwon kai, na ci goro har haƙorana suka koma kalar jar ƙasa, na yi faɗa da alƙalan wasan da ba su yi min komai ba. Na koma sau da yawa kafin in bari. Yaran ne suka kafa doka cewa kullum kafin atisaye kyaftin zai shinshina hannuna a gaban kowa. Malami guda, mai satifiket, yana miƙa hannu ɗan aji shida na tantancewa. Har yau a Getso in ka tambayi sunana na gaskiya sai an yi tunani, amma ka ce Koci Hayaƙi, yaro ma zai raka ka ƙofar gida.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne ba ni da wanda zan kai ƙara. Ni da bakina nake koya wa masu tsaron baya cewa kada su saurari abin da abokin karawa ke faɗa, ƙafarsa za su kalla, don ita ke nuna inda ya nufa. Ashe sun ji karatun. A kaina suka fara gwadawa.