Yadda Za Ki Yi Digiri a Kan Abin da Kakanki Ya Riga Ya Faɗa

Ni na fara gani. Tun kafin a haifi masu gilashin nan na ce ranar da aka cike kududdufin bayan gidanmu, a ɗakina ruwa zai tare. Ban taɓa zama a benci ba, tela maƙwabcina ke rubuta mini wannan, amma ambaliya uku na gani, ga ni garau. Jikata ta yi shekara huɗu a jami'a tana karatun kimiyyar muhalli, na kuma kalli abin da ta koyo tsaf. Ke mai sha'awar irin takardarta, bi matakan nan, sai an kira ki masaniya ko ana so ko ba a so.

1. Ki tara kwalabe

Ruwan da kowa ya san ƙazami ne, ki tsuguna ki ɗiba, ki liƙa masa takarda, ki kai ɗakin gwaji. Bayan sati biyu za a sanar da ke cewa ƙazami ne. Ni da hanci nake wannan aikin, a tsaye.

2. Ki koyi ƙirga kwaɗi

Kada ki ji kunya. Tawa ta wuni cikin takalmin roba tana rubuta su a littafi. Na ce, "Amarya, in an gama ƙidayar, katin zaɓe za a raba musu?" Ta ce, "Tsoho, in suka ragu, ruwan ne ya lalace." Sannu da ganowa.

3. Ki canja wa komai suna

Kada ki kuskura ki ce kududdufi. Ki ce "matattarar ruwan sama". Kalmar da ba ta cika baki ba, ofis ba ya jin ta.

4. Ki jira tifa ta zo

Bana wani mai gini ya fara juye ƙasa a kududdufin, wai shaguna zai kafa. Sau uku ina zuwa ofishin tsara gari. Wani mai ɗan gemu ya ce, "Baba, ina hujjarka?" Na ce idona. Ya ce in je in huta.

5. Ki zagaya bayan ɗakin kakanki da tef ɗin awo

Nan digirin yake gaba ɗaya. Kowace damina, inda ruwa ya tsaya a bangon, ina karta wurin da ƙusa. Marigayiya kakarta ta sha yi mini faɗa wai ina ɓata siminti. Yarinyar nan ta ƙirga zane talatin da ɗaya, sannan ta ce, "Angona, ka san abin da ka tara a nan?" Na ce, "Ni da na yi?" Ta auna, ta ɗauki hoto, ta zuba a kwamfuta, ta fito da taswira mai launi.

6. Ki sa wa takardar bango mai sheƙi

Da ta kai ofishin, mai ɗan gemun nan da hannu biyu ya karɓa, har da ba ta kujera. Tun ranar tifa ba ta dawo ba. Maganata ce sak, riga kawai aka sa mata.

In kin bi duk wannan kika tarar kakanki ba mai ƙusa ba ne, babu ruwana, ki koma wajen kwaɗi.

Tela ya ce sunana na shafin farko na takardar jikata. Ban iya karantawa ba, bangona ya ishe ni. Duk mai shakka ya ɗauko digirinsa ya same ni bayan ɗaki. Ya nuna mini zane ɗaya da na karta ba daidai ba, in miƙa masa ƙusar.