Shekara Biyu Ba a Kashe Ta Ba

"…ba gajiya, amaryata. Ke ce dai kika rame don kewata."

"Kewar wa? Tsoho mai haƙori uku, biyu ma na aro?"

Haka 'yata da kakanta suke gaisawa. Ita mai gyaran kwamfuta ce, shi tsohon tela. Ni da na haifi ɗaya, ɗayan ya haife ni, na raɓe a bakin ƙofa, don mai shiga tsakaninsu shi ke shan kunya. A kan teburin ɗinki kwamfutar mahaifiyata take a buɗe. Tana cikin rubutu ciwo ya kayar da ita, ba ta dawo daga asibiti ba. Tun ranar Baba bai bari an kashe ta ba. Yanzu batirin ya gaji, minti biyar ba ya kaiwa.

"Kaka, shekara biyu a kunne? Ƙarya fure take, ba ta 'ya'ya."

"Gani ya kori ji. Duba da idonki, in karatun naki ba na jabu ba ne."

Ta danna, ta duba. "Ikon Allah! Kwana ɗari bakwai da talatin da tara. In an ɗauke wuta fa?"

"In rungume ta, in ruga shagon mai aski, shi da ke da injin ba da wuta. Ban taɓa ɗora ta a katifa ba, kada ta sha zafi. Ƙurarta da burushin kekena nake sharewa."

"Kai da ko takalminka ba ka sanin inda ka ajiye!"

"Da tsohuwar zuma ake magani, yarinya."

"To ai na adana rubutun. Mu kashe, in sa sabon batiri, mu kunna."

"Ki kashe wa? Kin ga ɗan layin nan da ke ƙiftawa? Nan hannunta ya tsaya. In ya mutu kika tayar, naki ne, ba nata ba."

Ban taɓa sanin abin da yake gadi ke nan ba.

'Yata ta nannaɗe hannun riga. "To sai mu canza tana kunne. Amma bakin cajar nan ya yi sako-sako. In na zare batiri, wayar ce kaɗai ranta. Ta goce, shi ke nan. Hannun nan naka mai rawa kamar mazari zai iya?"

"Hannun da ya yi shekara hamsin yana zura zare a allura? Yi aikinki, mai baki kamar reza."

Ya danne wayar da yatsu biyu. Ta karkata kwamfutar, ta ture makullai biyu na ƙasa, tsohon batiri ya fito. Hannun da ke zubar da shayi kullum ya tsaya cak kamar an dasa shi. Ƙas! Sabo ya shiga. Layin na nan yana ƙiftawa.

"Saki, Kaka. Ta rayu."

"Ke ki saki. Ni ban gaji ba."

Ta sunkuya ta karanta a fili: "'Abin da na fi so game da tsohon nan shi ne…' Nan ta tsaya?"

"Nan. Kullum ina zama ina cankar sauran."

"Haba Kaka, ai a fili yake. Ta yi ta nema ne ba ta samo ba!"

Baba ya ƙyalƙyale da dariya har hawaye ya jiƙa masa gemu. Ya jawo jakar da ya ɗinka wa kwamfutar, wadda ba ta taɓa shiga ciki ba, ya miƙa mata.

"Kin ci, ja'ira. Bakin kakarki sak! Ashe ba a cikin injin nan kaɗai ta bar mini abin da ke ƙiftawa ba."